Tayi a Bakin Jirgin Katako

Warin jirgin ya riga labarinsa shigo mini gida. Wata Asabar da yamma maigidana ya turo ƙofar ɗakinmu, a can saman wani dogon bene a unguwar Danau Kota, sai na ji wani abu ya daki hancina. Ƙarnin kifi ne ba shi ba, kwalta ce ba ita ba, ga kuma ɗoyin ruwan da ya daɗe kwance wuri ɗaya. Na ce, "Malam, tsaya daga nan. A kwata ka faɗa?" Ya yi dariya ya ce jirgin ruwa ya je gani. Na miƙa masa leda na ce ya zuba kayan jikinsa a ciki kafin ya taka mini darduma.

Karatun digirinsa na uku ne ya kai mu Kuala Lumpur. Gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ni kuma na bi shi da yaranmu biyu. Mutum ne da iyakar ruwan da ya sani a duniya shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga baki yake tsayawa. Wani abokin karatunsa, ɗan Caina haifaffen Malesiya, shi ya ja shi Port Klang a ranar, wai ya zo ya ga abin da yake cinye masa Asabar da Lahadi. Wani tsohon Bature ne ɗan Ostireliya, ya sayi wani jirgin katako da ya girme shi, mai jigo biyu, irin wanda iska ke turawa. Jirgin ya shekara da shekaru a jingine a kan tudu, a wani wurin gyaran jirage a bakin kogi, kusa da inda kogin yake faɗawa teku. Baturen ba ya biyan kowa. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk wanda ya yi aiki har jirgin ya koma ruwa, yana da gurbi a cikinsa ranar tseren tsofaffin jirage da ake yi sau ɗaya a shekara.

Gurbin nan shi maigidana ya sa a ransa, kuma shi ya yi wa bauta kusan shekara biyu. Ya san sau ɗaya zai same shi a rayuwarsa, don tseren da suka nufa zai zo ne gab da ƙarewar karatunsa, daga nan sai gida.

Ni dai abin da na sani shi ne wanki. Duk Asabar da asuba zai fita, ya hau jirgin ƙasan cikin gari, ya sauya ya hau na Port Klang, ya dawo bayan magariba kamar wanda aka tono daga rami. Na ware masa bokiti na daban da igiyar shanya ta daban. Na jiƙa da omo, na zuba ruwan zafi, na gwada lemon tsami, har wani sabulu wata maƙwabciyarmu Bamalaya ta kawo mini, amma warin nan ko gezau. Rannan a cikin lif wata tsohuwa ta dube shi ta toshe hanci da gefen mayafinta, ni da nake tsaye kusa da shi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ta ba ni labarin katako.

Kuma labarin ba na daɗi ba ne. Watannin farko kankara suka yi. Ƙasan jirgin duk ya cika da wasu ƙananan halittu masu ƙwanso da suke manne wa katako, sun mutu sun bushe a jiki, sai an kwanta rigingine a ƙarƙashi ana kankare su, suna zubo wa mutum a fuska da wuya. Daga nan suka koma cikin cikinsa, can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, suka yi ta kwasar baƙin taɓo da ya haɗu da tsohon man inji da mushen ɓeraye. Wata rana ya shigo da wani guntun katako a jakarsa, ya ajiye mini a kan teburin da muke cin abinci, ya kira yara su zo su gani. Daga waje lafiya lau yake, da ya karya shi sai ga cikinsa duk ramuka kamar saƙar zuma. Ya ce tsutsar teku ce take cin katako daga ciki, har ya sa tsinke ya zaro busasshiyar guda ɗaya. Ƙaramar tamu ta ƙwalla ƙara ta gudu ɗaki, yayanta kuwa ya ce da Turanci a ba shi ya kai makaranta. Ranar ban iya cin abincin dare ba, teburin ma sai da na wanke shi da ruwan zafi.

Sau ɗaya na bi shi wurin a lokacin gyaran, don ya dame ni. Na tarar ruwa ya janye, kamar yadda yake yi kullum a bakin teku, bakin kogin ya zama wani shimfiɗeɗɗen baƙin taɓo, ga ledoji, ga kwalabe, ga ƙunzugun yara, ga wasu kifaye masu ido a ka suna rarrafe a kai. Wari kuwa ba a magana. A tsakiyar wannan ƙazanta jirgin yake tsaye a kan turaku, rabin haƙarƙarinsa a waje. Maigidana ya nuna mini aikinsa. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai ɗan tsagi, sai a murɗa auduga kamar lagwani, a cusa ta da wani ƙarfe mai faɗin baki, ana bugawa da gudumar katako, sannan a bi da kwalta a toshe. In an cusa da yawa katako ya tsage idan ya sha ruwa ya kumbura, in an rage jirgi ya yi yoyo. Ya ce da kunne ake ganewa, ƙarar guduma tana sauyawa idan audugar ta zauna. Baturen ya gwada mutane da dama, a ƙarshe shi ya bar wa gefen jirgin guda sukutum. Yana faɗa mini haka fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

Na dubi hannayensa. Mutumin da na aura da tafin hannu kamar na jariri, ga shi yanzu duk kanta, farcensa baƙi ƙirin, babban yatsansa na hagu ya sha guduma har farcen ya fita. Na ce, "Malam, gwamnati ta turo ka ka zama dokta, kai kuma ka zo ka zama leburan Bature kyauta." Ya ce, "Maman yara, ki bari kawai. Ranar da aka ɗaga zannuwan nan ina ciki, za ki gane." Zannuwa muke ce wa manyan yadukan da iska ke bugawa ta tura jirgin, ni na raɗa musu don ban san wani suna ba.

Ban gane ba, amma na daina faɗa. Har na koma ina yi masa girki mai yawa ranar Asabar, in je kasuwar Chow Kit in sayo kaji da attarugu, in yi dafa-duka ya tafi musu da ita. Abokin nasa ɗan Caina ya aiko a ce mini yaji ya yi yawa amma kada in rage.

Bayan auduga aka shiga samfefa da fenti, aka kafa jigo biyun, aka ɗaura igiyoyi da ban san iyakarsu ba. Ranar da aka mayar da jirgin ruwa muna wurin. Ya yi yoyo kwana biyu suna ta buga famfo, sannan katakan suka kumbura suka kama juna, ya tsaya cak. Ba zan ɓoye ba, da na gan shi yana lilo a kan ruwa, fari tas, sai da ya burge ni. Amma aikin bai ƙare ba, don jirgin katako ba ya barin mai shi ya huta. Kullum sai an wanke bayansa da ruwan gishiri, wai ruwan famfo ruɓar da katako yake yi. Wato da wannan ruwan kogin mai ɗoyi, da ya gauraya da na teku, ake wanke shi, kuma maigidana ne mai jan guga.

Zannuwan ba su iso daga wurin maɗinki ba sai ana saura mako guda tsere. Aka fita gwaji da su sau ɗaya, a tsakiyar mako, ranar da maigidana yake gaban malamansa yana kare aikinsa. Ya ci jarrabawar, amma da ya dawo gida abin da ya fara faɗa shi ne an fita ba shi. Duk koyon da ya yi na igiyar da aka ba shi, jirgin yana ɗaure a bakin gada ya yi shi. Aikinsa shi ne idan jirgi zai juya, ya saki igiyar zanin gaba ta wannan gefe, ya ja ta wancan da sauri kafin iska ta cika shi. A falo ma yi yake, ya ɗaure igiyar shanyata a ƙafar kujera yana ja, yara suna yi masa dariya.

A makon nan ne ogansa ya sauka a gari. Shugaban sashensu ne a kwalejin da yake koyarwa a gida, shi ya sa baki aka sake shi ya tafi karatu, kuma ƙarƙashinsa zai koma. Wani taro ya kawo shi na 'yan kwanaki. A otal yake kwana, amma tuwon dare a gidanmu yake ci, don ya ce abincin ƙasar duk zaƙi ne. Maigidana, da bakinsa ba ya iya riƙe labarin jirgin nan, ya gayyace shi ya zo ya ga tashinsu.

Ranar tsere muka isa da hantsi. Ogan ya sha farar shadda da hula da takalmi sau-ciki, ga kyamara rataye a wuya. Maigidana kuwa yana cikin rigar da aka ɗinka wa 'yan jirgin, tun jiya ya goge ta da kansa. Dokar tseren ta ƙayyade yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, kuma nasu ya cika cif, kowa da aikinsa. Muna tsaye a kan gadar katakon da jirgin ke ɗaure, ana ta shigar da ruwan sha, sai ogan ya dafa ƙarfen gefen jirgin ya ce, "Kai, abin sha'awa. Da ma a ce mutum zai samu ya ɗan shiga."

Sai na ji maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka shiga a madadina."

Tayi ne. Ko yaron goye ya ji maganar nan ya san tayi ne, irin wanda mutum zai yi maka yana kan lomarsa ta ƙarshe, ka ce masa alhamdu lillahi ka wuce. Na tsaya ina jiran in ji "A'a, haba, ni wa? Allah ya ba da sa'a." Ogan bai ce ba. Ya dubi jirgin, ya dubi maigidana, ya gyara zaman hularsa.

Baturen yana kusa, ya ga ana magana ana nuna jirginsa, ya tambaya me ake cewa. Kafin maigidana ya buɗe baki, ogan ya juya da Turancinsa mai kyau ya ce, "Cewa ya yi ya bar mini gurbinsa."

Tsohon ya saki igiyar da ke hannunsa. Ya dubi maigidana ya ce, "Da gaske? Shekara biyu fa ka yi." Maigidana ya yi murmushi ya ce babu komai. Baturen ya sake tambaya, a hankali, yana kallon cikin idonsa: "Ka tabbata abin da kake so ke nan?" Wallahi da a ce su biyu ne kaɗai, na san abin da zai faɗa. Amma ga ogansa tsaye a gefe yana sauraro. Ya ce, "E, baƙona ne, babba ne a wurina." Na ga ran tsohon ya ɓaci. A ganinsa mutumin da ya yarda da shi ne ya yar da abin a ranar ƙarshe kamar bai dame shi ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko rigar kariya daga nutsewa ya miƙa wa ogan.

Ni Baturen ban ga laifinsa ba, bai san mu ba, kuma sau biyu ya tambaya. Wanda ya san mu shi ne wanda ya miƙa hannu ya karɓi rigar. Na kasa haƙuri na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, an ce fa tekun nan juya ciki take yi, ga shi ba ka saba ba." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ba a mayar da hannun kyauta baya. Allah zai kiyaye." Ya cire sau-cikinsa ya miƙa wa maigidana ya riƙe masa.

Maigidana ne ya kwance musu igiyar da ta ɗaure jirgin, da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da takalmin. Har da ɗaga musu hannu. Abokinsa ɗan Caina yana daga ciki yana kallonsa, baki buɗe. Suka fita da inji zuwa bakin teku, muna hango su, can sai zannuwan suka hau ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya ɗan kwanta gefe guda ya miƙa. Yaronmu ya ce da Turanci, "Baba, ba kai ne za ka tafi ba?" Ya ce masa wani lokaci.

Wuni muka yi a wurin. Ruwa ya janye, taɓon nan ya fito da ɗoyinsa, ƙudaje suka taso. Na ja yara muka zauna a wani kedai, wato ɗan shagon abinci, da ke bakin hanya, na saya musu shinkafa, ni ko ruwa na kasa sha. Shi yana can ƙarshen gada a tsaye cikin rana, babu abin da ake gani sai wasu fararen ɗigo a nesa. Da na kai masa ruwa na ce, "Malam, jin kunyar mara kunya asara ce." Ya ce, "To ya zan yi? A gabansa zan ce na fasa?" Na ce, "Wa ya aike ka tun farko?" Ya mayar da idonsa kan teku. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, amma abin da ya fi yawa a raina ƙyama ce, ta mutumin da ya san sarai abin da ake nufi ya yi kamar bai sani ba, da ta wannan hali namu da yake sa mutum ya yanka kansa yana murmushi.

Bayan la'asar jiragen suka fara shigowa. Nasu yana can baya-baya. Aka ɗaure shi. Abokin nasa ne ya ja mu gefe ya ce tun kafin a ba da alamar tashi ogan ya fara amai. Aka kai shi ƙasa ya kwanta, bai sake ɗagowa ba. Igiyar zanin gaba ta rasa mai ita, duk juyin da za a yi sai wani ya bar nasa aikin ya rugo, jirage suna wuce su suna kallo. Ya ce, "Da kana nan da ba haka ba."

Mutum biyu ne suka tallafo ogan suka fito da shi. Shaddar nan ta koma wata kala, hular ma babu. Ya zauna a kan wani akwati, maigidana ya durƙusa ya sa masa takalmi, aka samo tasi aka tura shi otal. Ko sannu bai ce wa kowa ba, balle a yi haƙuri.

A jirgin nan ƙa'ida ce, wanda ya ɓata wuri shi zai gyara, in ya gaza sai wanda ya kawo shi. Babu wanda ya tuna wa maigidana, da kansa ya ɗauki guga da tsumma ya sauka. Na bar yara wurin abokinsa na bi shi. Tun daga matakala warin amai ya tare ni. Tuwon da na tuƙa da hannuna jiya da dare da miyar kuɓewa, ga shi nan a kan katifa, a bango, ya bi tsagin katakan daɓe ya gangara ƙasa. Sai da ya ɗaga katakan ɗaya bayan ɗaya ya zura hannu yana kwasowa. Yana durƙushe cikin sabuwar rigarsa ta 'yan jirgi.

Na ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Tir da wannan rana, wallahi." Ya ce in yi a hankali kada a ji. Na ce da Hausa nake yi, wa zai ji, mai jin Hausar ai ya tafi. Na naɗe hannun rigata na karɓi gugan, ina zubarwa ina ɗebo masa wani, ina yi ina kau da kai. Baturen ya leƙo daga sama, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya koma.

Can abokin nasa ya sauko da wani tsumma zai taya mu. Maigidana bai ɗago ba, yana ta gurzar katako, ya tambaye shi a hankali ko gefen da ya cusa wa auduga ya yi yoyo da jirgin ya kwanta a kansa. Ya ce ko ɗigo. Sai ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya ci gaba da gurza.

Wata guda bayan nan muka tattara muka dawo gida, bai sake ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Ogan yana nan, ya yi ritaya, ana girmama shi. A wurin suna ko ɗaurin aure, in hira ta yi daɗi, yakan ba da labarin tseren jirgin ruwan da ya shiga a Malesiya, da yadda igiyar ruwa take tashi kamar bene. Na taɓa ji da kunnena a zauren gidanmu, ina miƙa abinci daga bakin ƙofa. Da ya ga kamar wani bai yarda ba, sai ya nuna maigidana ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi, a gabansa aka yi." Maigidana ya ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe."